Kamfanin Bin Ladin: Ribar Jingina da Fada da Asararta

Duk alhajin da ya ɗaga kai ya duba lokaci a hasumiyar agogon Makka, ko ya yi salla a sabon ɓangaren Harami, aikin gida ɗaya ya gani. Muhammad bin Ladin, mutumin Hadramaut ta Yaman, dako ya fara yi a Jidda kafin ya kafa kamfanin gini a 1931. Ginin fadojin Sarki Abdul'aziz ne ya kusanta shi da gidan sarauta, har aka damƙa masa faɗaɗa Masallacin Annabi (SAW) a Madina, sannan Haramin Makka. Da ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1967, daga bisani ragama ta koma hannun ɗansa Salim, bayansa kuma ɗan'uwansa Bakar.

Iya aiki kam akwai shi. Amma abin da ya fi ɗaukaka gidan shi ne amincewa. Fada tana son ɗan kwangilar da za a kira yau, gobe a ga leburori da manyan motoci a fili, kuɗi kuwa a yi maganarsu daga baya. Da haka kamfanin ya bunƙasa har ma'aikatansa suka kai wajen 200,000, alhali babban mai ba shi aiki ɗaya ne tak: gwamnati.

Nan matsalar take kwance. Ranar 11 ga Satumba 2015, ana tsakiyar ruwa da iska, ƙugiyar ginin kamfanin ta rikito cikin Harami, ta kashe fiye da mutum 100, ciki har da maniyyatan Najeriya. Sarki Salman ya dakatar da ba shi sabbin kwangiloli. A daidai lokacin farashin mai ya karye, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, biyan ayyukan da aka gama ya yi ta jan ƙafa. Wa za a juya gare shi? Babu. A 2016 aka sallami dubun-dubatar ma'aikata, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani, wasu na bin albashin watanni. Takaici ya sa wasunsu suka cinna wa motocin safa na kamfanin wuta a Makka.

A 2017 aka tsare Bakar tare da wasu attajirai da 'ya'yan sarauta a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad, kuma a 2018 gwamnati ta karɓe fiye da kashi ɗaya bisa uku na hannun jarin kamfanin.

Iyalin sun yi asarar iko, amma a ganina wanda ya fi kowa ji a jika shi ne birkilan da ya koma ƙasarsu hannu rabbana.