Cp da Cv: Ka Daina Haddar Lambobi, Ka Koyi Ƙirga Motsi

Daren jarrabawar Fiziks, hoton jadawalin Cp da Cv sai ya yi ta yawo a gurup ɗin WhatsApp. Kowa ya haddace. Da safe an raba takarda, kai ya ɗaure: wai 20.8 ɗin nan ta Cp ce ko ta Cv? Ta duka biyun ce, ya danganta da irin gas ɗin. A nan karatun aku ke kayar da mutum.

Abin da ake tambayarka shi ne: jul nawa na zafi mol ɗaya na gas ke buƙata kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya? In gas ɗin na cikin gwangwani rufaffe, ba halin kumbura, Cv ke nan. In yana cikin sirinji mai fistin da ke iya matsawa, matsin bai sauya ba, Cp ke nan.

Lamba ɗaya tak za ka riƙe: R = 8.314. Ana lissafin ne da gas na misali, wanda aka ƙaddara ƙwayoyinsa ba sa jan juna. Kowace hanyar motsi da ƙwayar ke da ita tana cin rabin R.

Hiliyom ƙwaya guda ce tilo: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Hanya uku, don haka Cv = 3/2 R, wato 12.5. Naitirojin da oksijin kuwa 'yan tagwaye ne a manne. A zafin ɗaki suna da ƙarin juyawa iri biyu. Hanya biyar, Cv = 5/2 R, wato 20.8.

Cp fa? Ƙara R kawai. Hiliyom ya zama 20.8, naitirojin 29.1. Dalili shi ne gas mai kumbura yana kashe wani kaso na zafin wajen tura fistin. Wannan alaƙa na ɗauke da sunan Julius Robert Mayer, likita Bajamushe da ya yi rubutu kan dangantakar zafi da aiki a 1842.

Gwada: mol 2 na naitirojin, ƙarin digiri 10. A gwangwani, jul 416. A sirinji, jul 582. Bambancin 166 shi ne 2 × 8.314 × 10.

To yanzu ajiye waya, ɗauko biro, ka yi na agon. Ƙwaya tilo ce kamar hiliyom.