Murar Tsuntsaye: Akurkin Kwandiko Ma Yana Cikin Lissafi

A watan Janairun 2025 hukumomin jihar Kano suka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙaramar hukumar Gwale. Mafarin abin agwagwa ce guda ɗaya da aka sayo a kasuwar Janguza aka saka cikin kajin gida, kafin a ankara kaji sun fara faɗuwa. Da yawa daga cikinmu mun ji labarin mun wuce, wai ai wannan ciwon kan masu manyan gonakin kaji ne. Wannan fahimtar kuskure ce, kuma mutanen karkara irin na Kwandiko da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu a jihar Jigawa su ne za su fi ɗanɗana kuɗarta.

Ƙwayar cutar, wadda masana ke kira H5N1, tana yaɗuwa ta kashin tsuntsu da majinarsa, ta kuma maƙale a keji da takalmi da tayar babur. Agwagwa kan iya ɗauke da ita tana yawonta lafiya lau, ita kuwa kaza sai a wayi gari an tsince ta a mace. Ba kasafai cutar take kama mutum ba, amma kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu da ita a duniya tun 2003 sun rasu.

Mun manta cewa Najeriya ce ƙasar farko da cutar ta ɓulla a Afirka. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, inda dubban kaji suka mutu. Watan bai ƙare ba ta isa Magariya a Jamhuriyar Nijar, dab da iyakar Jigawa. A Janairun 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu da ita a Legas. Cutar ta sake dawowa a 2015, sannan a 2021, kuma duk a karo biyun Kano na cikin wuraren da ta fara bayyana.

Darasin 2006 yana wajen diyya. Gwamnatin tarayya ta ce za ta biya naira 250 kan kowace kazar da jami'ai suka kashe, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, ga kuma jinkiri. Mai kaji ya yi lissafi ya ga in ya kai rahoto asara ce, in ya yi shiru ya kwashe su zuwa kasuwa zai tsira da wani abu. Ta wannan hanya cutar ta riƙa tsallaka jihohi.

To, in mai gonar da ke da rajista da lambar wayar likitan dabbobi ya yi haka, ina ga matar da ke da kaji goma da zabbi huɗu a bayan ɗaki? Kajin nan su ne asusunta: da su take sayen magani, da su take tara kayan ɗakin 'yarta. Ta fito da safe ta ga kaza ta takure a bakin akurki, fuka-fuki a sake, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi. Abin da za ta fara yi shi ne ta kira yaro ya yanka kada ta zama mushe. Yara su fige, a zubar da hanji a juji inda sauran kaji ke tono. Waɗanda suka rage a ɗaure musu ƙafa a kai kasuwar Sara, dillali ya haɗa su da na wasu ƙauyuka goma a keji guda, su nufi Kano ko Bauchi. Hatsarin kamuwar mutum yana wajen yankan nan da figar nan, domin naman da ya dahu sosai ƙwayar ba ta rayuwa a cikinsa.

Ba laifin matar ba ne. Duk hunturu kaji na mutuwa da cutar Newcastle, kuma alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye. Gwaji ne kaɗai ke bambanta su, babban ɗakin gwajin kuwa yana cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Wa zai ɗauki samfur daga Kwandiko ya kai can? Ga shi kuma jiharmu ta Jigawa na da babban ɓangare na dausayin Haɗeja zuwa Nguru, masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kowace shekara.

Tun 2024 aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, saboda haka uzuri ya ƙare. Gwamnatin Jigawa ta ajiye kuɗin diyya tun kafin annoba, a biya a farashin kasuwa, a biya cikin kwanaki, kuma kazar ƙauye ta shiga ciki. Kowace mazaɓa ta samu malamin dabbobi da babur da kayan ɗaukar samfur. Dagatai da masu unguwanni su zama hanyar kai rahoto, asibitoci kuma su riƙa tambayar mai zazzaɓi da tari ko kaji sun mutu a gidansu.

Mai karatu, kai ma akwai naka. Sabuwar kaza ko agwagwa daga kasuwa, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a hana yara taɓa ta. In kaji suka fara mutuwa a jere, a sanar da mai unguwa a ranar, kada a kai ko guda kasuwa.