Sanya Birkin Faifai a Tsohon Keken Hawan Dutse

Keken hawan dutse ya samo asali ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Tun daga lokacin har zuwa ƙarshen shekarun 1990, akasarin waɗannan kekuna birkinsu na rim ne, wato robobi biyu ne ke matse gefen ƙarfen da taya ke zaune a kai. Wannan birki yana kamawa sosai a busasshiyar hanya, amma da zarar rim ya jiƙe ko ya kwashi taɓo sai ƙarfinsa ya ragu, ga shi kuma yana cinye rim a hankali. Shi kuwa birkin faifai, wani zagayayyen ƙarfe yake matsewa wanda aka ɗaure a cibiyar ƙafar keke, nesa da taɓo. An ara masa sunan ne daga faifan da ake rufe ƙwarya, kamar yadda aka yi wa faifan garmaho.

Da yawa daga cikin tsofaffin kekunan nan suna da ƙwari har yau, wasunsu ma suna iso mana a gwanjo. Shin ana iya sanya musu birkin faifai? Ana iyawa, amma da sharuɗɗa.

Da farko, faifan yana bukatar cibiyar da ke da mazauninsa, ko dai mai ramukan noti shida ko kuma samfurin Center Lock na kamfanin Shimano. Tsohuwar cibiya ba ta da wannan mazauni, don haka sai an sake ta, ko a sayi ƙafa sabuwa ɗungurungum. Sannan akwai bukatar wurin ɗaura mamatsin birkin a jikin firam. Kekunan da aka ƙera domin faifai suna zuwa da kunnuwa biyu masu rami a ɓangaren hagu, tazararsu milimita 51 a tsohon ma'auni, ko 74 a wanda ya biyo bayansa. Tsohon firam ba shi da su. A nan ne adafta ke shigowa: wani ɗan ƙarfe ne da ake maƙalawa inda gatarin ƙafar baya ke shiga, ya samar da kunnuwan.

Sai dai samun wurin ɗaurawa ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A keke mai ƙafa inci 26, birkin rim yana kamawa ne kimanin santimita 28 daga tsakiyar ƙafa, shi kuwa faifai mai faɗin milimita 160 bai wuce santimita 8 ba. Ke nan, kafin a tsayar da keke a tazara iri ɗaya, ƙarfin da zai sauka a kan mamatsin faifai ya ninka na birkin rim fiye da sau uku, kuma duk a gefe guda zai taru, kan siririn bututun da ba a ƙera shi don wannan nauyi ba. Bututun na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Shi ya sa adafta mai inganci, irin ta Brake Therapy, take da dogon hannu da ke kai nauyin sama zuwa mazaunin tsohon birki. Wadda ake matsewa a jikin bututu kawai, a ganina, gara a bar ta a shago.

Idan firam na baƙin ƙarfe ne, ƙwararren mai walda zai iya liƙa masa kunnuwa tare da tokari tsakanin bututun biyu. Na alminiyam kuwa zafin walda yana raunana shi, sai an sake gasa shi ta hanya ta musamman.

A ƙafar gaba kada a yi amfani da adafta sam. Birkin faifai yana tura gatari ƙasa, zai iya fizge ƙafar daga bakin tsohon fok ana cikin gudu. Abin da ya dace shi ne a sauya fok ɗin da wanda aka ƙera domin faifai. Tun da birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da keke, mai ƙaramin ƙarfi zai iya tsayawa a nan, ya bar birkin rim a baya, ya dai sake masa robobi da waya.