Ƙarfen da ya ratsa kan Phineas Gage

Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Idan kuma aka tambaye shi inda halin yake zaune, ƙirji zai dafa, shi ya sa muke cewa wane mai farar zuciya ne, wane kuma zuciyarsa a kusa take. Likitoci kuwa goshi suke nunawa, kuma cikin abubuwan da suka kai su ga haka akwai wani hatsari da ya auku a Amurka.

Ranar 13 ga Satumba, 1848, kusa da garin Cavendish a jihar Vermont, Phineas Gage, matashi ɗan shekara 25, yana jagorantar leburori masu fasa duwatsu domin shimfiɗa layin dogo. Aikinsa shi ne ya danna albarushi cikin ramin da aka huda a dutse da wani sandan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, mai nauyin kilo 6. Ƙarfen ya gogi dutse, wuta ta ƙyasta, albarushi ya tashi. Sandan ya shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya fasa ƙoƙon kai ta sama, ya faɗi can nesa.

Bai mutu ba. Aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa masaukinsa, yana zaune, yana magana. Likita John Harlow ya yi jinyarsa, ciwon ya ruɓe har aka fid da rai, amma ya tashi. Idon hagu dai ya tafi.

Abin da ya sa har yau ake karanta labarin a makarantun likitanci shi ne rahoton da Harlow ya fitar a 1868. Ya ce kafin hatsarin Gage mutum ne mai natsuwa da tsari, wanda iyayen gidansa ke yabo. Bayan ya warke sai ga shi da ashar, da rashin haƙuri, yau ya ƙulla wannan shiri gobe ya watsar. Abokansa suka ce wannan ba Gage ɗin da suka sani ba ne. Ƙafa tana tafiya, harshe yana magana, tunanin baya yana nan, amma linzamin ya tsinke.

Wurin da ƙarfen ya lalata shi ne gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, masu aika wa juna saƙo ta 'yar wutar lantarki da sinadarai. Akwai sassa a can ciki da ke tayar da tsoro da fushi nan take. Sashen goshi shi ne dattijon gidan: shi ke auna abin da zai biyo baya, ya ce a dakata. Shi ne kuma na ƙarshe wajen nuna, don ba ya kammala girma sai mutum ya wuce shekara ashirin da 'yan kai. Duk wanda ya yi renon samari ba zai yi mamakin wannan ba.

Sai dai marubuta sun ƙara wa miyar gishiri. Littattafai da yawa sun mai da Gage mashayi, ɗan iskan gari wanda bai sake moruwa ba. Masanin halayyar ɗan Adam Malcolm Macmillan ya bi diddigin takardun asali, ya fitar da littafi a shekarar 2000, ya nuna yawancin wannan ƙari ne. Gage ya tafi ƙasar Chile, ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki shida mai ɗaukar fasinja tsakanin Valparaiso da Santiyago. Wanda ba ya iya riƙe kansa ba zai riƙe dawaki shida ba, balle ya tashi da asuba kullum, ya karɓi kuɗin mutane, ya yi musu magana da ladabi. Macmillan na ganin wannan tsari na yau da gobe shi ya taimaka masa ya sake gina abin da ya rushe. A ganina nan ne labarin ya fi amfani, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Ya fi amfani domin irin Gage suna nan cikinmu. Ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, ya kwana biyu a sume, a sallame shi a ce ya warke. Bayan wata uku matarsa ta ce ya zama mafaɗaci, abokai su ce ya daina jin kunya, dangi su fara zancen sammu ko iska. Da wuya a sami mai haɗa wannan da buguwar goshin da aka riga aka manta, alhali ita ya kamata a fara faɗa wa likita.

Gage ya rasu a San Francisco a watan Mayu na 1860, bayan farfaɗiya ta yi ta kayar da shi. Daga baya aka tono ƙoƙon kansa aka kai wa Harlow. Yau yana ajiye a makarantar likitanci ta Harvard tare da sandan ƙarfen, wanda Gage ya riƙa yawo da shi kusan duk inda ya je.