Ba kowane haske ke nuna jan zane ba

Ƴan uwa mata, daga Tasawa har Mayahi, fitilar kananzir ta kusa zama labari. Mai tuyar ƙosai da dare, mai ɗinki, ungozoma, kowa tocila ko fitilar sola ce a hannunta. Sai dai da yawanmu mun lura: wata fitilar in ta haska jan zane, sai ya dushe, tumatir nunanne ma sai ka ce ya kwana biyu. Mai saye ya tsaya yana ja-in-ja, ciniki ya lalace.

Ga dalili. Ɗan ƙwan da ke cikin fitilun nan, wanda ake ce ma LED, asalin haskensa shuɗi ne. Masana uku ƴan asalin Japan ne suka ƙirƙiro shi, har suka samu kyautar Nobel a 2014. Ana shafa masa wani gari mai ba da ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ta ba da fari. In an yi ƙwauron ja a haɗin, shi ke nan, jan kaya ba ya fitowa.

Nan ne wasu ƙwayoyi ƙanana suka shigo, waɗanda sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Girmansu ke yanke kalar haskensu: ƙarama shuɗi, babba ja. A 1993 Moungi Bawendi, wanda mahaifinsa ɗan Tunisiya ne, ya gano dabarar haɗa su: a zuba sinadari cikin ruwa mai tsananin zafi, a riƙa kula da wutar har su kai girman da ake so, kamar yadda muke tsare ƙosai a mai. Shi da wasu biyu suka samu Nobel a 2023. Yanzu an fi sa su a telebijin, ana kuma gyara farin hasken fitila da su.

To, in ƙungiya za ta taɓa asusu don fitila, mu tafi kasuwa da jan ƙyalle. A kunna a inuwa, a haska shi, a haska tafin hannu. Wadda ta nuna kala yadda take ita ce tamu, ko da ta ɗara da ƴan daloli. Wadda ta mutu kuma, da ita da batirinta, a ɗauke su daga inda yara ke wasa, kar a jefa a murhu.