Ribar Da Ƙananan 'Yan Kasuwar Lafiya Ke Samu Daga Taimakon Ƙungiyoyin Agaji

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, ta kuma mayar da Lafiya babban birninta, harkokin ciniki a garin suke ta bunƙasa. Ma'aikatan gwamnati sun ƙaru, ɗalibai sun kwararo bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, fatake kuwa ba su fasa zuwa sayen doya da riɗi da agushi ba, saboda garin yana kan babbar hanyar da ta haɗa Makurɗi da Akwanga. To amma yadda jama'a suka ƙaru, haka masu buƙata suka ƙaru. Mai shago a Lafiya ya saba da karɓar takardun neman gudummawa daga ƙungiyoyin kula da marayu, da na naƙasassu, da 'yan agajin masallatai da majami'u. Abin da yawancin masu ƙaramin jari ke son sani shi ne, shin abin da suke bayarwa yana komawa ga sana'arsu ta wata hanya, ko kuwa ya tafi ke nan?

Da farko ya kamata a kawar da wata fahimta da ta yaɗu, cewa gudummawa hanya ce ta rage haraji. Ga manyan kamfanoni akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin tsohuwar Dokar Harajin Kamfanoni ta yarda a cire gudummawar da aka bai wa wasu ƙungiyoyi da ta lissafa, muddin ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na ribar shekara ba. Sai dai Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe wannan haraji ga kamfanonin da cinikinsu bai wuce Naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a 2025 kuma ta ci gaba da yafe wa ƙananan kamfanoni. Wanda ba a karɓar harajin kamfani a hannunsa ba shi da abin da za a rage masa. Bugu da ƙari, galibin masu shaguna da teloli da makanikai ba kamfanoni ba ne, harajinsu na mutum ɗaya ne da ake biya wa jiha. Saboda haka ribar mai ƙaramin jari tana wani wuri dabam.

Wuri na farko shi ne amana. Kasuwancin garuruwa irin Lafiya bashi ne ke tafiyar da shi. Manomi yakan bar wa dillali buhunan riɗi sai an sayar a biya shi, babban ɗan kasuwa yakan bai wa mai shago kaya bisa alƙawari, ba tare da takarda ko jingina ba. A irin wannan ciniki sunan mutum shi ne jarinsa na biyu. Ɗan kasuwar da aka san shi da biya wa marayu kuɗin makaranta, ko kai abinci ga majinyata, ya riga ya nuna wa jama'a cewa ba cin yau kaɗai ke gabansa ba. Limamai da fastoci da masu unguwanni da suka shaida wannan hali su ne za su tsaya masa ranar da yake neman rumfa a kasuwa, ko ranar da wata rigima ta taso tsakaninsa da abokin hulɗa. A garin da Musulmi da Kirista, Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Tibi da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, taimakon da bai tsaya kan dangi ko ƙabila ba yana buɗe wa mai shi ƙofofin da talla ba ta buɗewa.

Wuri na biyu shi ne rayuwar masu sayayya su kansu. A farkon 2018, rikicin manoma da makiyaya ya raba dubban mutane da gidajensu a ƙananan hukumomin kudancin jihar irin su Awe da Keana da Doma. Waɗannan mutane su ne masu noma amfanin da dillalan Lafiya ke saye, su ne kuma masu sayen takin zamani da atamfa da kwanon rufi bayan kaka. Manomin da aka tallafa masa da abinci da iri har ya koma gonarsa, zai dawo kasuwa da kuɗi a hannu, wanda aka bari kuwa ya fita daga sahun masu ciniki, watakila har abada. Haka nan a watan Satumba na wannan shekara, fashewar iskar gas a cikin garin Lafiya ta hallaka mutane da dama, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitin da aka fi sani da Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf. A irin wannan rana ake gane darajar 'yan agajin da aka horar, da masu ba da jini da aka riga aka tantance. Gobara ba ta zaɓen shago, don haka duk wanda ya taimaka wajen raya ƙungiyar agaji ya yi wa kansa tanadi ne.

Wuri na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ma'aikata. Mai ƙaramar sana'a ba zai iya gasar albashi da gwamnati ko banki ba, abin da ke riƙe masa yaransa shi ne yadda suke ganin maigidansu. Yaron shagon da ya ga maigida yana tausaya wa bare, zai kwana da sanin cewa ranar da matarsa za ta haihu ko mahaifinsa ya kwanta ciwo ba za a juya masa baya ba. Har ila yau, aikin agaji makaranta ce. Ma'aikacin da aka ba shi damar shiga ƙungiyar Red Cross, ko rundunar 'yan agaji ta Jama'atu Nasril Islam, ko ta majami'arsa, zai koyi taimakon gaggawa da tsara jama'a da riƙon lissafi, duk kuwa zai dawo da su wurin aiki. Tela ko kafinta da ya karɓi maraya ko naƙasasshe a matsayin ɗan koyo ya yi sadaka, ya kuma horar da hannun da zai taimake shi gobe. Sai dai da sharaɗi: wanda yake rabon shinkafa a bainar jama'a alhali yaransa na bin sa bashin albashi, ya ɓata rawarsa da tsalle.

Domin a ci moriyar wannan duka, akwai ƙa'idojin da suka kamata a kiyaye. Na farko, a bayar daga riba, kada a taɓa uwar kuɗi, a kuma yanke adadi tun farkon shekara domin mai shago ya san inda zai tsaya. Na biyu, ga Musulmi, a raba zakka da sadaka a littafin lissafi. Zakkar kayan ciniki Naira 25 ce a cikin kowace Naira 1,000 idan dukiya ta kai nisabi shekara kuma ta zagayo, tana da mutane iri takwas da aka ƙayyade mata, ba kuma abin talla ba ce. Na uku, a bincika ƙungiya kafin a ba ta: shin tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, watau CAC, su wane ne amintattunta, tana kuma ba da rasit? Na huɗu, a nisanci haɗa agaji da siyasa, domin Dokar Kamfanoni ta 2020 ta haramta wa kamfani bai wa jam'iyyar siyasa gudummawa, ƙungiyar da ta zama 'yar amshin shatan wani ɗan takara kuwa za ta kori rabin masu ciniki.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba ma yana da hanya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda suka saba da adashi, za su iya buɗe asusun agaji na haɗin gwiwa inda kowa zai zuba abin da ya samu a ƙarshen wata, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai mota na iya ba da aron motarsa, mai gidan burodi ya ba da burodi, mai kwamfuta ya buga wa ƙungiya takardunta kyauta. Ribar irin wannan taimako ba ta bayyana a lissafin wata ɗaya ko biyu. Ana ganin ta ne bayan shekaru, a yawan masu cinikin da ba su sauya shago ba, da yaran da suka zauna har maigida ya yaye su da jarinsu.