Zuga Ba Ta Cika Aljihun Ɗan Kasuwa

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta bunƙasa a biranenmu, sana'ar zaburar da masu sana'a. A kama ɗakin taro a otal, a sayar da tikiti, wani mai kwat ya riƙe lasifika ya shaida wa matasa cewa talauci a ƙwaƙwalwa yake, kowa ma zai iya zama Ɗangote in ya sauya tunani. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Ranar Litinin mai shago ya buɗe ƙofa ya tarar kuɗin haya na nan, mai bin sa bashi na nan, wutar lantarki ce kawai ba ta nan. Shi ya sa 'yan kasuwa na gaske suke ɗaukar zancen sauya tunani a matsayin romon baka. Suna da gaskiya, amma ba duka ba, kuma hujjar tana Lome, babban birnin Togo.

A shekarar 2014 masu bincike na Bankin Duniya, tare da wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam mai suna Michael Frese, suka zaɓi masu ƙananan sana'o'i 1,500 a Lome, mata da maza, suka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba: rubuta shiga da fita, lissafin riba, tallata kaya, kula da ma'aikata. Kashi na biyu aka horar da su a kan himmar kai. Kashi na uku ba a koya musu komai ba, don a samu abin gwadawa. Horon ya ɗauki awa 36, daga nan mai horarwa ya riƙa leƙa kowa a wurin sana'arsa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Aka bi sawunsu sama da shekara biyu. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar 'yan kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu darasin lissafi ta ƙaru da kashi 11, ƙarin da masu binciken da kansu suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba.

To, mene ne aka koya musu? A nan ne masu sayar da tikiti suke rabuwa da gaskiya, domin ba huɗuba aka yi musu ba, aiki aka sa su. Mutum zai duba yininsa na kasuwa tun daga buɗe shago har rufewa, ya gano inda yake zaman jira: jiran mai saye ya shigo, jiran dila ya kawo kaya, jiran maƙwabci ya fara sabon abu shi kuma ya kwaikwaya. Sai a tambaye shi me zai fara da kansa. Ya sa wa kansa buri, ya tsara matakai, ya hango cikas tun kafin ya zo, ya tanadi abin da zai yi in dabarar farko ta ƙi. In ya yi kuskure, ya zauna ya tantance abin da kuskuren ya koya masa maimakon ya ce ba rabonsa ba ne ya naɗe tabarma. Waɗanda suka bi wannan horo sun fi sauran fito da sababbin kaya, sun fi su faɗaɗa abin da suke sayarwa. Kuɗin da aka kashe wa kowane mutum, wajen dala 750, ya dawo cikin shekara guda.

Sai dai ba ko'ina abin ya yi irin wannan armashi ba. Da aka gwada irinsa a kan mata 'yan kasuwa a Habasha, ribar ba ta motsa sosai ba, kuma masu binciken sun lura cewa malaman da suka taɓa riƙe sana'a da hannunsu sun fi iya cusa wa ɗalibai wannan hali. A Lome ma, da aka koma bayan shekara bakwai, an tarar amfanin ya ɗore har ya ƙaru a wajen maza, na mata kuwa ya ja baya. Wanda ya san yadda hidimar gida da buƙatun dangi suke cinye jarin mace ba zai yi mamaki ba.

Batun malamin da ya taɓa sana'a shi ne ya fi jan hankalina, domin ya yi daidai da abin da aka gani a Dandora, wata unguwar talakawa a Nairobi. Can ma an raba mata sababbin shiga kasuwa: wasu aka kai su aji, wasu aka haɗa kowacce da wata gogaggiyar 'yar kasuwa ta unguwar mai irin sana'arta. 'Yan aji sun koyi darasi, amma ribarsu ba ta sauya ba. Waɗanda aka haɗa da gogaggu kuwa ribarsu ta tashi da kimanin kashi 20 cikin 100. Da aka bi diddigi, sai aka ga ba wata falsafa uwar ɗakin take koyarwa ba. Cewa take yi: kada ki ƙara sarin kaya a wajen wane, ki je wuri kaza, ya fi araha. Ilimi ne na unguwa, mai saurin tsufa, shi ya sa da aka daina haɗuwa ribar ta koma gidan jiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya tsaya a kan maigida. Shi ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kuɗi, dillalansa su san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke cin bashi, shi kuma ya tsaya wa cinikin. Baƙo ya zo daga Arewa bai san kowa ba, amma ya sayar da garke a kan bashi ya kwanta ya yi barci. Abin da ke ba shi ƙarfin zuciya ba kirari ba ne, labari ne na gaskiya a kan mutane da farashi, daga bakin wanda zai yi asara in ya yi masa ƙarya. Har gobe haka yaron shago yake koyo a Kantin Kwari: yana ɗaga dila yana naɗe atamfa, kunnensa na wajen maigida, yana jin wa ake ba kaya bashi, wa ake ce wa kaya sun ƙare alhali ga su a sito.

Akwai kuma tambayar da ba a cika son yi ba: shin abokin sana'a zai gaya maka gaskiya kuwa? Jing Cai da Adam Szeidl sun gwada wannan a birnin Nanchang na ƙasar Sin, da kamfanoni 2,820. Suka haɗa wasu daga cikin masu kamfanonin rukuni-rukuni, mutum goma-goma, suna haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara guda, suna ziyartar masana'antun juna. Cinikin waɗanda suka shiga rukunin ya ƙaru da kashi 8.1 cikin 100, suka samu sababbin masu saye da masu kawo kaya, kuma amfanin bai gushe ba shekara guda bayan an daina taron. Amma masu binciken sun yi wata dabara: suka tsegunta wa wasu 'yan rukuni labarin wani tallafin kuɗi da sai an yi takara a kansa, suka zuba ido. Inda 'yan rukunin suke sana'a iri ɗaya, labarin bai yaɗu sosai ba. Kowa ya ja bakinsa ya yi gum.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu galibi a kan layi ɗaya aka kafa su, 'yan atamfa daban, 'yan hatsi daban, masu gyaran waya daban. Suna da amfani wajen sasanta rikici da fuskantar masu karɓar haraji, amma da wuya mai sayar da shadda ya nuna wa na kusa da shi inda ya samo mai rahusa. Tela, da mai yadi, da mai wanki da guga, da mai ɗaukar hoton biki ba sa cin abincin juna, kuma mai sayen ɗaya shi ne mai sayen sauran. Su ne ya kamata a zaunar a tabarma ɗaya duk ƙarshen wata, ko da a bakin adashi ne, a sa wani dattijon da ya taɓa karyewa ya tashi ya riƙa tambayar kowa abin da ya ce zai yi a watan jiya, da inda ya kwana.